HUJJAR "AI NA GANI A JIDDA": MAGANA A KAN MUTUM-MUTUMI DA KAYAN ƘAWA NA BAKIN HANYA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ƙagi halitta ba tare da Ya kwaikwayi kowa ba, Yake suranta ɗan Adam a cikin mahaifa yadda Ya so, sannan Ya sa a busa masa rai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya tarar da Larabawa suna kewaya duwatsu, ya bar su suna kaɗaita Ubangijin duwatsu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata gardama da ta shigo majalisunmu na karkara, wadda ya kamata a tsaya a warware ta da ilimi tun ba ta zama rigima ba. A da can, idan alhaji ya sauko daga ƙasa mai tsarki, tsarabarsa ba ta wuce zamzam da dabino da darduma da kallabin mata. Yau kuwa an sami ƙari, wato wayar hannu cike da hotuna. Alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa daga Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa sukan bi ta Jidda, wasunsu kuma a zaga da su bakin teku, inda aka jejjera waɗansu manya-manyan siffofi na ƙarfe da tagulla da dutse, wani ja wur, wani shuɗi, wani mai launi barkatai. Sai mutum ya tsaya a gindinsu a ɗauke shi hoto, ya dawo gida yana nunawa a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar.

Daga nan sai jama'a su kasu gida biyu. Kashi na farko su ce, to, ga shi nan, ashe malamai ne suke ƙuntata mana, tunda har a Saudiyya akwai mutum-mutumi a bakin titi, me zai hana mai kuɗi ya kafa zakin siminti a ƙofar gidansa, ko a sassaƙa siffar wani babban mutum a kafa a tsakiyar gari? Kashi na biyu kuma, galibi matasa masu zafin kishin addini, su ce duk wanda ya tsaya ya kalli waɗannan abubuwa ya ziyarci gumaka, har wani ya kai ga sanya shakka a kan Hajjin dattijon da ya haife shi. Ra'ayina shi ne dukkan ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, kuma kowannensu ya yanke hukunci kafin ya san mene ne abin da ake magana a kansa, alhali kuwa malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a hukunta abu sai an suranta shi sosai tukuna.

MENE NE KE BAKIN TEKUN JIDDA?

Asalin abin shi ne, a shekarun da kuɗin man fetur ya bunƙasa, wani masanin tsara birane mai suna Muhammad Sa'id Farsi ya jagoranci hukumar birnin Jidda daga 1972 zuwa 1986. Shi ne ya sa aka sayo ko aka ƙera ɗaruruwan kayan ƙawa, aka kakkafa su a shataletale da gefen tituna da gaɓar Bahar Maliya. A cikin waɗanda aka kawo aikinsu akwai Henry Moore na Ingila, da Joan Miró na Sifen, da Alexander Calder na Amurka, da Victor Vasarely wanda ya yi suna wajen jera launuka a cikin murabba'i da da'ira har idon mai kallo ya riƙa ganin kamar suna motsi. Akwai kuma Julio Lafuente, wanda ya ƙera ƙaton keken nan da ya fi gida tsawo, ya kuma yi wani curin kankare da ya cusa motoci a jikinsa don tunatar da direbobi sharrin gudu. Da iskar teku mai gishiri ta ci jikin waɗansu daga ciki, sai aka gyara su, aka tattara kimanin ashirin a fili guda a unguwar Alhamra a shekarar 2013, ya zama gidan kayan fasaha marar rufi, kowa ya zo wucewa ya gani.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan abubuwa ba su da siffar mutum ko dabba. Akwai jirgin ruwa, akwai fitilun masallaci, akwai buta da tulu, akwai rubutun Larabci da aka tsayar da ƙarfe, akwai kuma waɗanda ba su yi kama da komai ba sai lanƙwasasshen ƙarfe da fenti. Hakan kuwa bai faru a banza ba, masu tsarin sun san garin da suke ciki, sun san kuma hukuncin suranta mai rai a wurin mutanensa. Amma gaskiya ɗaya ce, ba duka ne suka kuɓuta ba: akwai wanda mai shi ya raɗa masa suna "Tsuntsu", akwai kuma waɗanda idan ka ƙura musu ido za ka ga alamar jikin mutum ko wata gaɓa tasa. Saboda haka wanda ya ce duk gumaka ne bai faɗi daidai ba, wanda kuma ya ce duk babu laifi shi ma bai faɗi daidai ba.

A nan gida ma akwai makamancin wannan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, akwai lambu a gefen sashen koyar da zane da sassaƙa a Samaru, inda aka kakkafa ayyukan ɗalibai, kuma makarantu sukan kai yara can yawon buɗe ido. Sashen daɗaɗɗe ne, ya girmi jami'ar kanta, a cikinsa ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Bambancinsa da na Jidda shi ne, a Samaru siffofin mutane da dabbobi cikakku suna da yawa. Ke nan tambayar ta shafi uban da aka aiko masa da takardar neman izinin tafiya da ɗansa, kamar yadda ta shafi alhaji.

ME YA SA SHARI'A TA TSANANTA?

Wanda bai san dalilin hani ba, shi ne yake ganin hanin ƙuntatawa ne. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) bayanin sunaye biyar ɗin nan da suka zo a aya ta 23 ta Suratu Nuh, wato Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Ya bayyana cewa sunayen mutanen kirki ne, da suka rasu sai Shaiɗan ya ƙawata wa jama'arsu su kafa alamu a wuraren zamansu don tunawa da su. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba, sai da suka shuɗe, ilimi ya gushe, sannan na baya suka mayar da su abin bauta. Shirkar farko a bayan ƙasa ke nan, kuma da kyakkyawar niyya ta faro, da sunan girmama magabata.

Shigar gumaka Makka kuwa, tsarabar matafiyi ce. Malaman Sira sun kawo cewa Amru ɗan Luhayyu, shugaban Khuza'a, ya yi tafiya zuwa ƙasar Sham, ya ga mutanen can suna da gumaka, abin ya burge shi, ya roƙi guda ya taho da shi gida, shi ne Hubal. Mutum ne mai faɗa a ji, don haka mutane suka bi shi, har ya zama a ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, gumaka 360 aka tarar a kewayen Ka'aba. Haka nan a aya ta 138 ta Suratul A'araf, Allah (S.W.T.) Ya ba mu labarin Bani Isra'ila, ƙafafunsu ba su gama bushewa daga ƙetare teku ba, suka wuce ta wurin waɗansu masu lazimtar gumaka, nan take suka nemi Annabi Musa (A.S.) ya yi musu irinsu. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Abu Waƙidil Laisi (R.A.) cewa a kan hanyar Hunaini waɗansu sababbin shiga Musulunci sun ga magaryar da mushirikai ke rataya makamai don neman albarka, suka nemi a ware musu tasu, Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta maganarsu da ta mutanen Musa. A duba da kyau, duk ƙissoshin nan uku a kan hanya suka faru, kuma ƙofarsu ɗaya ce: na gani a wani gari, a yi mana irinsa.

Kada wani ya ce wannan labarin Larabawa ne. Tarihin Kano ya ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da yadda aka daɗe ana gwagwarmaya da tsafi tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) har zuwa zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Mafi ban tsoro shi ne labarin Dirki. Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, aka riƙa yanka masa shanu, ana ganin shi ke tsare garin, har zuwa zamanin Alwali, sarkin ƙarshe kafin Jihadi, wanda ya sa aka farke shi. Idan har Littafin Allah, wanda aka saukar don rushe shirka, jahilci zai iya mayar da shi abin yanka, to ina ga siffar wani shugaba ko wani malami da mutane ke ƙauna? Wannan ne ya sa Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta faɗa da girmama itatuwa da duwatsu a ƙasar Hausa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Shari'a kuwa tsagar take toshewa tun tana ƙarama.

RARRABE HUKUNCI

Idan muka tattara abin da malamai suka faɗa, za mu ga abubuwan sun kasu kamar haka.

Na farko, duk abin da aka kafa don a bauta masa, ko a nemi albarka ko kariya a wurinsa, haramun ne yinsa da ajiye shi da girmama shi, ko da kuwa ba shi da siffar komai. Lata dutse ce, Uzza kuwa itatuwa ne. A nan ba siffa ake dubawa ba, abin da zukata suka ƙudurce ake dubawa.

Na biyu, cikakkiyar siffar mai rai wadda take da jiki da inuwa, kamar mutum-mutumin mutum ko zaki ko doki ko mikiya. Wannan malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin yinsa da kafa shi, ko da don ado ne kawai. Hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim a kan azabar masu surantawa, da cewa za a nemi su rayar da abin da suka suranta, da cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake akwai irinsa, sanannu ne ga kowane ɗalibi. Muslim ya kuma ruwaito yadda Sayyidina Aliyu (R.A.) ya aiki Abul Hayyaj Al'asadi da irin aiken da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi masa, na shafe siffofi da daidaita kaburburan da aka ɗaukaka. Masu kafa hujja da aya ta 13 ta Suratu Saba'i, inda aljannu ke yi wa Annabi Sulaimanu (A.S.) siffofi, sai su sani wannan shari'ar waɗanda suka gabace mu ce, tamu kuma ta zo da hani a sarari.

Na uku, siffar da ba ta cika ba, kamar wadda aka cire wa kai. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu (A.S.) ya yi umurni a yanke kan wata siffa da ke gidan Annabi (S.A.W.) don ta koma kamar itaciya. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu muka tashi da su, sun shardanta wa haramci cewa siffar ta kasance mai inuwa, kuma gaɓoɓinta su cika. A kan wannan ne aka sami mafita lokacin da Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta yi magana a 2021 game da mutum-mutumin da teloli da masu kanti ke rataya wa tufafi, inda magana ta koma kan cire kawunansu. Haka shi ma mutum-mutumin gona, wanda manomi ke haɗawa da sanda biyu da tsohuwar riga da yagaggiyar malafa don korar tsuntsaye daga gero, babu fuska, babu gaɓoɓi, suna ne kawai ya haɗa shi da wancan, kama da wane kuwa ba ta wane.

Na huɗu, kayan wasan yara. Ya tabbata Nana A'isha (R.A.) tana da 'yan tsana, har da wani doki mai fukafukai wanda ya sa Manzon Allah (S.A.W.) dariya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Don haka yaron da ya zauna a bakin kududdufi da damina yana gina saniyar laka, a bar shi ya yi wasansa, kada a ɗora masa sanda da sunan tauhidi.

Na biyar, abin da ba shi da rai, kamar itace da jirgi da keke da fitila da tulu da haruffa da zanen dagi da jeren launuka. Wani mai sana'ar zane ya zo wurin Ibnu Abbas (R.A.) ya ce da ita yake ci, bayan ya karanta masa hadisin gargaɗi, ya ga mutumin ya razana, sai ya nuna masa mafita, cewa ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. A wannan kashi ne mafi yawan kayan bakin tekun Jidda suka faɗo, kuma asalin hukuncinsu halacci ne, sai in wani dalili daban ya shigo, kamar almubazzaranci ko alamar wani addini.

Shi kuwa hoton da ake ɗauka da na'ura, malaman Sunna na wannan zamani sun saɓa a kansa. Shaikh Abdul'aziz bin Baz da Shaikh Nasiruddin Albani sun hana sai don larura, kamar fasfo da katin shaida, Shaikh Muhammad bin Salih Al'usaimin kuwa ya ga cewa ɗaukar hoton nan take ba shi ne surantawar da aka yi gargaɗi a kanta ba, hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta. Mas'alar da irin waɗannan suka saɓa a kanta, ba ta kai a daina gaisawa saboda ita ba.

GA MASU CEWA "AI AKWAI A SAUDIYYA"

Ya ɗan'uwa, mu da muke kira a koma ga Alƙur'ani da Sunna bisa fahimtar magabata, mu ne ya fi kamata mu san cewa aikin wata ƙasa ba hujja ba ne. Shekara da shekaru muna gaya wa mutane cewa "haka muka tarar" ba dalili ba ne, to ta yaya "haka na gani a Jidda" zai zama dalili? Hukumar birni ce ta kafa waɗannan abubuwa, ba majalisar malamai ba. Abin da ya dace da Shari'a a cikinsu mun karɓa don ya dace da ita, wanda ya saɓa kuwa mun bar shi ko a ina aka gan shi.

Sannan a dubi ƙarshen mutum-mutumin shugabanni a duniya. Na Saddam Husaini an jawo shi ƙasa da igiya a Bagadaza a watan Afrilu na 2003. Na Cecil Rhodes an ɗauke shi daga Jami'ar Cape Town a 2015 bayan boren ɗalibai. A Senegal, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe wani ƙaton mutum-mutumi na tagulla a Dakar a 2010, tsawonsa kusan mita 50, kuɗinsa kimanin dala miliyan 27, limamai suka yi ta suka saboda siffar da kuma ɓarnar dukiya. A nan Nijeriya an ga abin da ya biyo bayan kafa na Jacob Zuma a Owerri a 2017, watanni kaɗan kafin a tilasta masa sauka daga mulkin Afirka ta Kudu. Abin da aka kafa don ɗaukaka mutum sau da yawa shi ke zama abin wulaƙanta shi. Wanda yake son a tuna da mahaifinsa ko malaminsa, ga rijiya, ga aji a makarantar Islamiyya, ga ɗakin shan magani, waɗannan su ne suke bin mamaci kabarinsa.

Ko abin da ba shi da rai ma, akwai tambayar dukiya. A birnin Kano an gina wani babban abin ƙawa a shataletalen gidan gwamnati a 2017 don cikar jihar shekara 50, aka kuma rushe shi a watan Yuni na 2023. Ba nufina in shiga siyasar wanda ya gina ko wanda ya rushe ba, abin da na sani shi ne kuɗin ginin da kuɗin rushewar duk daga aljihu ɗaya suka fito, wato na talaka. Mu da muke zaune a yankin da gona ke jikin gona, inda magidanci ke ciyar da mutum goma daga 'yar gonar da ya gada, yake ɗauko taki a kan jaki tun da rani, mata da yara suke layi a bakin burtsatse tun asuba, muna da haƙƙin mu tambayi duk mai mulki: wanne ya kamata ya gabata, ƙawata shataletale ko gyara famfo?

GA MASU CEWA "DUK GUMAKA NE"

Ku kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu, kishinku abin yabo ne, amma kishi ba tare da ilimi ba shi ne ya jefa Kano cikin bala'in Maitatsine a watan Disamba na 1980, mutanen da suka haramta agogo da keke da rediyo, suka ƙare da halatta jinin Musulmi. Haramta halal laifi ne kamar halatta haram. Ku tuna Ummu Salama da Ummu Habiba (R.A.) sun ga wata majami'a a ƙasar Habasha mai siffofi a ciki, suka dawo suka ba Manzon Allah (S.A.W.) labarinta. Bai tuhumi imaninsu don sun gani ba, sai ya yi amfani da labarin ya bayyana musu ɓatan masu gina wurin ibada a kan kabarin mutumin kirki suna suranta shi. Haka ya kamata ku yi da baba alhaji idan ya nuna muku hoto, ku zauna da ladabi, ku ce baba, wannan keke ne, babu komai, wannan kuwa siffar mai rai ce, da an bar ta ya fi.

Ku kuma sani cewa gusar da abin ƙi da hannu, a wurin da ba mallakinka ba, aikin hukuma ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi shekara 13 a Makka yana kira ga tauhidi, ya dawo ya yi Umara a shekara ta 7 bayan Hijira gumaka suna nan a kewayen Ka'aba, bai karya su ba sai a shekara ta 8 da iko ya dawo hannunsa, bayan an riga an karya su a cikin zukata. Aya ta 108 ta Suratul An'am ma ta hana zagin abin da waɗansu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Ɗalibin da zai ɗauki guduma ya nufi lambun jami'a, ko ya tsaya yana zage-zage a garin da ya je baƙunta, fitinar da zai jawo ta fi abin da ya je gyarawa.

NAMU ADON FA?

Babban abin da ke damuna a wannan gardama shi ne, ta nuna mun manta cewa muna da namu. Hadisin Muslim ya tabbatar da cewa Allah Yana son kyau, Musulmi kuma ba su taɓa zama mutane marasa ado ba. Da aka rufe musu ƙofa guda, sai suka buɗe ɗari. Alhajin da ya sauka a Jidda ya riga ya zauna a ƙarƙashin rumfunan filin jirgin alhazai da aka buɗe a 1981, masu siffar tantuna farare, waɗanda masana gini na duniya suke yabawa, babu siffar mai rai ko ɗaya a jikinsu. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), har yau masu nazarin gini suna zuwa kallon bakan gizonsa. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar gini ta duniya a 1986. Ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga zanko da zanen ƙofar zaure, ga zayyanar allo da ta Alƙur'ani, ga aska takwas a gaban riga, ga saƙar Minjibir, ga tukwanen Dawakin Tofa, ga sassaƙar ƙwarya da dukancin fata.

Yau a garuruwanmu magina masu zanen bango suna ƙarewa ba magada, zaure ya koma bulo da kwano, babu fasali. Yaron da Allah Ya ba baiwar hannu, idan ya zana wani abu a bayan littafinsa, abin da yake samu a wurinmu tsawa ce kawai. To ina zai nufa? Ko dai ya binne baiwar, ko ya tafi inda za a yaba masa, a koya masa sassaƙa siffar mutum, ya dawo yana ganin addini maƙiyin fasaha ne. Ibnu Abbas bai ce wa mai zanen nan ya bar sana'arsa ba, hanya ya canza masa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

SHAWARWARI

Na ɗaya, malaman da ke yi wa maniyyata bita a ƙananan hukumomi su sanya wannan mas'ala a cikin darasinsu, ko da na minti goma ne, don alhaji ya san abin da zai gani da yadda zai ɗauke shi, ya kuma tuna cewa ibada ta kai shi, kada ya kashe lokacinsa da guzurinsa wajen yawon kallo.

Na biyu, matafiyi ya kalli abin da ba shi da rai ya ƙaru da hikimar da ke ciki, tafiya ai mabuɗin ilimi ce. Idan ya iske siffar mai rai, ya wuce abinsa, kada ya tsaya a gindinta ana ɗaukarsa hoto, kada ya shafa, kada ya sayo ƙaramarta ya kawo ɗaki. Idan lokacin salla ya yi, ya nemi wurin da ba ta gabansa.

Na uku, uban da makaranta ta nemi izinin tafiya da ɗansa, ya tambayi inda za a je da abin da za a gani da wanda zai raka su. Malaman makarantunmu kuma su riƙa haɗawa da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da masallacin Zariya, su yi wa yara bayanin hukunci kafin a tashi.

Na huɗu, masu hali a cikinmu su bar kafa zaki da mikiya da dawakin siminti a ƙofar gida da gidan mai. Kuɗin da za a ba mai yin su, a ba maginin gargajiya ya fitar da zane mai kyau a fuskar gidan. Masallaci kuwa a tsaftace shi, a kyautata gininsa, amma a kiyaye cika bangon alƙibla da adon da zai shagaltar da mai salla.

Na biyar, rassan ƙungiya su duba yiwuwar buɗe ajin rubutu da zayyana da zanen gini a makarantun Islamiyya, ko da sau ɗaya ne a mako, a nemo tsofaffin gwanaye tun suna raye su koyar, a biya su haƙƙinsu.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya tsare mu da zuriyarmu daga shirka babba da ƙarama, Ya karɓi ibadar alhazanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.